Yadda A Ke Raba Ruwa Da Abin Da Ya Narke Cikinsa

Idan aka zuba yashi cikin ƙwaryar ruwa, raba su ba wuya. Sai a sami ƙyalle mai tsabta a tace, yashi ya tsaya, ruwa ya wuce. Amma gishiri ba haka ya ke ba. Da an dama shi sai ya ɓace wa ido, ko an tace sau goma, in an ɗanɗana sai a ji yana nan. Haka kanwa, haka sukari.

To, ga dabarar da a kan yi a makaranta. A kan zuba ruwan gishirin cikin buta, a ɗora bisa wuta. In zafi ya kai digiri 100 sai ruwa ya tafasa, ya riƙa zama tururi. Gishiri kuwa ba ya iya tashi da wannan zafin, tilas ya zauna a gindin buta. Sa'an nan a kara faranti mai sanyi a bakin buta, a yi hankali, don tururi yana ƙuna. Da tururi ya taɓa sanyi sai ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga cikin kwano. Wanda ya ɗanɗana wannan ruwa zai ji shi salam, ba ko ƙanshin gishiri. A manyan makarantu da kwalba mai dogon wuya su ke yi, tururi ya bi ta wani bututu wanda ruwan sanyi ke kewaye da shi, don kada kome ya tsere.

Ruwan sama ma haka ya ke samuwa. Rana ta ɗebi tururi daga teku ta bar gishiri, tururin ya yi sanyi a sama ya zama girgije. Mutanen Bilma gishirin su ke so, saboda haka su kan bar rana ta kwashe ruwan. A ƙasar Makka kuwa ruwan a ke nema, har an gina manyan injuna a bakin Bahar Maliya masu yin wannan aiki.

Ba kowane abin da ke ɓuya cikin ruwa ke da ɗanɗano ba. A shekarar 2010 yara wajen 400 suka rasu a ƙasar Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje, ashe akwai dalma a ciki. Yawancin gubar ta ƙura ta shiga jikin yara, amma inda aka wanke garin dutsen ta ɓata kududdufai. Duza na cikin ƙauyukan da aka kankare ƙasar gidajensu aka zuba sabuwa.

A nan ne mutane da yawa su kan yi kuskure. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fid da dalma. Ruwa ne ke tashi, dalma ta zauna kamar gishirin nan, har ta ƙara ƙarfi cikin ɗan abin da ya rage. Sai tururin da aka tara aka sanyaya shi ne ya rabu da ita.

Amma fa aikin yana cin itace ƙwarai, kafin a cika moɗa ɗaya an daɗe. Don haka ba a shayar da ƙauye da shi. Asibiti da masu haɗa magani da masu gyaran batirin mota su ne suka fi bukatarsa.