Yadda allon alkaluman lafiya ke bin mai shi daga kwamfuta zuwa waya

Jami'in tattara bayanan lafiya a Bodinga ko Shagari, idan ya shiga manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira, abin da ke fara tarbarsa shi ne allo mai zane-zane: rigakafi a dama, awon ciki a hagu, zazzaɓin cizon sauro a ƙasa. Ko wayar abokin aiki ya ara ya shiga da sunan kansa, allon nasa zai gani.

Dalili kuwa, tsarin allon yana ajiye ne a babbar uwar kwamfuta. Manhajar kan aika buƙata ta ƙofar da ake kira API, tare da shaidar mai shiga. Amsar takan dawo a rubutun JSON, ɗauke da lambar kowane zane, gurbinsa, faɗinsa da tsawonsa. Daga nan sai a sake aikawa a ɗebo alkaluman da za su cika kowane gurbi. Shi ya sa a ƙauyen da sabis ke da rauni akwatuna kan bayyana wayam kafin lambobi su iso.

Idan shaidar ba ta inganta ba, lamba 401 ce amsa. Wannan tsauri ya dace ƙwarai, domin bayanan asibitocin jama'a amana ne.