Tsiron da Ke Shan Guba

Akwai wata guba da ake kira arsanik. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano a cikin ruwa. Takan taru a ƙasa kusa da wuraren haƙar ma'adinai. Mutum in ya daɗe yana shanta a ruwa, ko yana cinta a abinci, sai fatarsa ta lalace, har ya kamu da ciwon daji.

A shekarar 2001 wata masaniya mai suna Lena Ma, ta Jami'ar Fulorida a Amurka, ta ba da labarin wani tsiro mai ban mamaki. Ita da abokan aikinta sun same shi ya yi kore shar a wani fili da gubar nan ta ɓata. Masana suna kiransa Pteris vittata. Ganyensa kamar ƙaramin reshen dabino yake, kuma ba ya fure. Saiwarsa takan tsotso gubar tare da ruwa, ta aika da ita cikin ganye, ta taru can. Don haka ake shuka shi a gonakin da suka ɓaci, kamar a lardin Hunan na ƙasar Sin. In ganyen ya girma, sai a yanke, a kai inda ba zai cuci kowa ba.

Amma fa tsiron nan ɗan ƙasar ɗumi ne. In sanyi ya shigo, sai girmansa ya ragu, shan ruwansa ya ragu, gubar da yake tsotsowa ita ma ta ragu. A waɗansu ƙasashe sanyi ya fi na hunturunmu nesa, har ruwa yakan daskare. To, ruwan da ke cikin ganyen shi ma sai ya daskare, ganyen ya mutu. In aka bar shi ya ruɓe nan, gubar sai ta koma ƙasa, wahalar shekara ta tashi a banza.

Saboda haka masu wannan aiki sukan yanke ganyen tun sanyi bai tsananta ba. Sa'an nan su lulluɓe gindin don kada ya mutu. In ɗumi ya dawo, sai ya sāke toho, ya ci gaba da aikinsa. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru kafin gona ta tsarkaka.

Tambayoyi
1. A ina tsiron nan ke tara guba?
2. Me sanyi ke yi masa?
3. Don me ake yanke ganyen da wuri?