Wayar Salula da Kunne: Ina Haɗarin Yake?

Duk bayan ɗan lokaci sai saƙon ya sake zagaye zaurukan WhatsApp: a daina amsa waya da kunnen dama, a guji kira idan caji ya yi ƙasa, wai tiririn da waya ke fitarwa yana kurumtar da mutum. Hujjar da aka fi kafawa ita ce kunne yana ɗaukar zafi bayan doguwar hira.

Yawancin wannan zafin daga batir da kayan cikin wayar yake, sannan an manna ta a fata, an tare iska. Waya da igiyoyin rediyo take aiki, kuma ƙarfinsu bai kai ya farfasa ƙwayoyin jiki ba, saɓanin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Gaskiya ne a 2011 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya waɗannan igiyoyi a rukunin 2B, wato abin da ake zargi amma hujja ba ta cika ba. Sai dai a 2024 masana da hukumar ta ɗora wa aiki sun tace bincike 63, ba su ga alaƙa tsakanin waya da cutar dajin ƙwaƙwalwa ko ƙarin da ke fitowa a jijiyar ji ba.

Abin da ke cin kunne a fili yake, ƙara ce. Can cikin kunne akwai 'yan ƙwayoyi masu siraran gashi, kimanin dubu 15, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Kamar ciyawa suke: a taka sau ɗaya ta miƙe, a mayar da wurin turba ta mutu. Bambancin shi ne waɗannan ba sa sake tsirowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako. Da ya kai 100, 'yan mintoci ne kawai. Ta kuma yi kiyasin matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Dubi matashin da ya toshe kunne da iyafis a cikin A Daidaita Sahu, ya ƙure murya don ta danne ƙugin injin, har na kusa da shi yana jin kiɗan. Ko yaron da ke wuni a gindin injin markaɗe ba komai a kunnensa, ya koma gida kunne na masa ƙugi, a ce ai zai saba.

Najeriya tana da dokar taƙaita hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma lasifikokin biki da janareta ba su san da zamanta ba. Kafin mahukunta su farka, a rage muryar iyafis, a riƙa hutar da kunne, masu aikin inji su sa matoshi. Wanda ƙugi ya ƙi barin kunnensa ya ga likitan kunne, ya bar ɗiga mai ko sa tsinke.