Madubin bindigar iska: a mita nawa ya kamata a saita shi?

Tun da aka kai hatsi rumbu aka shiga aikin garka, tambaya guda ke yawan iso mana daga masu bindigar iska, irin wadda ake karyawa a saka mata ƙwayar darma guda ɗaya. Kukan kusan iri ɗaya ne: an ɗaura mata madubi, an saita shi a tsakar gida har ana kaɓe murfin kwalba, amma da an fita bayan gari an auna gafiya, sai harbi ya bi ta samanta ko ya faɗi gabanta. Wasu su ce madubin jabu ne, wasu su ce bindigar ce ta gaji. Sau da yawa ba ko ɗaya. Nisan da aka yi saitin ne bai dace da wurin da ake harbin ba.

Ido miƙe yake tafiya, ƙwaya kuwa a lanƙwashe

Abu na farko da za mu gane shi ne, madubi bisa bindiga yake zaune, tsakaninsa da ramin da ƙwaya ke fitowa akwai wajen santimita 4 zuwa 5. Ganin ido ta cikin madubi miƙe yake tafiya kamar igiyar magina. Ita kuwa ƙwaya, tana barin bakin bindiga nauyinta ya soma jan ta ƙasa, kamar hogen da yaro ya jefa. Shi ya sa in an saita madubi, bakin bindiga yakan ɗan dubi sama kaɗan, ko da mai harbi bai lura ba.

To, kun ga ke nan ƙwaya daga ƙarƙashin layin ido take tasowa. Ta hau ta ratsa shi, ta ɗan yi tafiya a samansa, sannan ta sauko ta sake ratsa shi, daga nan sai faɗuwa. Wato wuri biyu ne ƙwaya ke faɗa daidai kan giciyen da ke cikin madubi: ɗaya kusa, ɗaya nesa. A tsakaninsu harbi sama yake bi, kafin na farko da bayan na biyu kuma ƙasa yake bi. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aikin.

Bari mu sa lissafi

Ƙarfin bindigar iska da wani ma'auni ake auna shi, wai shi jul. A Ingila, wadda ake riƙewa ba tare da takardar izini ta musamman ba ba ta wuce jul 16. A Faransa iyakar jul 20 ce, a Jamus kuwa 7 da rabi. Ƴan uwa da ke can su lura da wannan, don bindiga biyu na iya yin kama a ido alhali ƙarfinsu ba ɗaya ba.

Mu ɗauki mai jul 16 wadda ke cin ƙaramar ƙwaya, mai milimita 4,5. Ƙwayar na fita da gudun kusan mita 240 a daƙiƙa guda. In aka saita madubi a mita 30, ga yadda tafiyarta take, bisa ƙiyasi: a mita 5 tana ƙasa da giciye da fiye da santimita 2, a wajen mita 13 ta hau daidai, a mita 20 zuwa 22 ta ɗaga sama da kamar santimita 1, a mita 30 ta dawo daidai, a mita 40 ta sauka da kusan santimita 4, a mita 50 kuwa ta wuce santimita 10 a ƙasa.

Ku ɗauko ƙwandalar dala ashirin ku duba, faɗinta santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Da wannan saiti, tun daga wajen mita 9 har zuwa 33, in ka aza giciye a tsakiyar ƙwandalar, ƙwaya ba za ta fita daga cikinta ba, muddin hannu bai motsa ba kuma babu iska. Ba sai ka ɗaga ba, ba sai ka sauke ba. Amfanin saiti mai kyau ke nan: ya ba ka fili mai tsawo wanda za ka auna ka harba ba tare da dogon lissafi ba.

Mai cin babbar ƙwaya, ta milimita 5,5, labarinta daban. Ƙwayarta ta kusa ninka ƙaramar a nauyi, don haka a ƙarfi ɗaya gudunta bai fi mita 175 a daƙiƙa ba, kuma ta fi saurin lanƙwasa. Ita mita 25 ya fi dacewa da ita. A nan ratsawar farko na zuwa a wajen mita 9 ko 10, kuma kana cikin ƙwandala daga mita 7 zuwa 27. A mita 35 ta riga ta faɗi da wajen santimita 6. Bindigar da ƙarfinta bai kai haka ba, a rage mata nisa, a tsaya wajen mita 20.

Kuskure biyu da aka fi yi

Na farko shi ne son nesa. Mutum ya ce shi a mita 50 zai saita, don a san bindigarsa na kai wa. To, ƙaramar ƙwaya in an saita ta a mita 50, a tsakiyar hanya takan ɗaga sama da santimita 6 ko fiye. Sai ga kusu a bakin rumbu, mita 25 kacal, harbi ya wuce ta saman kansa. An gyara nisan da ba a harbi a cikinsa, an ɓata wanda ake harbi kullum.

Na biyu shi ne a saita a mita 10 cikin gida a ce an gama. A nan kusa, kuskuren milimita 2 ko 3 ba ya ganuwa, amma yana girma da nisa. Saitin kusa mafari ne kawai, don ƙwaya ta hau takarda. Tabbatarwa sai a can nesa.

Saboda haka kafin ka taɓa madubi, tambayi kanka: ina nake harbi? Auna daga inda kake zama zuwa gindin rumbu, ko daga bukkar garka zuwa bakin fangali. Kada ka dogara da ƙiyasin ido, a fili ido na ruɗi. Ari mitar magina ka auna igiya, ka ƙulla ta a kowace mita 5. In duk harbinka bai wuce mita 15 ba, saita a nan, ka huta.

Yadda ake saitin

A zaɓi safiya ko maraice da iska ta kwanta, don iskar hunturu na tura ƙwaya gefe, ta sa ka yi ta murɗa madubi a banza. A kafa kwali da ɗigo a tsakiya, bayansa katangar ƙasa ko buhun rairayi. A duba ƙusoshin da ke riƙe madubi da na jikin bindiga, don mai karyawa tana da girgiza gaba da baya, wadda ke kwance ƙusa ta kuma ja madubi daga mazauninsa.

Zauna, ka aza hannunka bisa buhu, ka aza bindigar bisa tafin hannun. Kada ka ɗora ta kai tsaye kan dutse ko icce, kuma kada ka damƙe ta da ƙarfi. Riƙon da ka yi a harbin farko shi za ka yi a na ƙarshe. Harba biyar kana auna ɗigo guda, sannan ka dubi tsakiyar inda suka taru. Kada ka bi ƙwaya ɗaya ɗaya kana gyara, ba za ka gama ba.

Madubi na da abin murɗawa biyu: na sama na ɗaga harbi ko ya sauke shi, na gefe na kai shi dama ko hagu. A yawancinsu kowane ƙas guda na gusa harbi da kusan milimita 7 a mita 100, wato milimita 2 a mita 30. In harbinka ya taru santimita 2 ƙasa da ɗigo, ƙas goma ke nan zuwa sama. Bayan ka daidaita, ka gwada a mita 5, 10, 20 da 40, ka rubuta inda ƙwaya ta faɗa a ƴar takarda, ka manna a gindin bindiga. In ka sake irin ƙwaya, saiti ma sai an sake, don nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ba abin wasan yara ba ce

Harbin da ya kuskure ba ɓacewa yake ba, wani wuri yake sauka. Ƙwayar darma na fasa ido, tana shiga jiki, kuma in ta bugi dutse ko ƙarfe takan dawo. Kada a harba wajen da ba a ga abin da ke baya ba, balle zana ko dannin kara da yara ke wasa a bayansa. Dabbar da aka raunata ta gudu ta mutu a wahale ita ma hakki ce, shi ya sa muke cewa kowa ya tsaya iya nisan da ya tabbatar a kwali.

Sannan farauta a Nijar na ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta shekarar 1998, kuma ma'aikatan gandun daji ke kula da ita. A halin tsaron da muke ciki, bindiga mai madubi daga nesa ba a bambanta ta da ta yaƙi. Kafin a saya, ko ɗan uwa ya aiko daga waje, a fara zuwa wajen jandarma ko ƴan sanda a ji abin da doka ta tanada. Kuma kada a yi yawo da ita da dare a bakin hanya.

Allah ya kare mana amfanin gona, ya tsare mu da iyalanmu.