Daga Garagumsa zuwa Jidda: Kano ko Yamai, ina tikitin jirgi ya fi sauƙi?

Maniyyacin Umra daga Garagumsa a jihar Damagaram na da zaɓi biyu: ya nufi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 800, ko ya karya kwana a Takeita ya bi ta Matamai da Daura zuwa Kano, ƙasa da kilomita 300.

Kusancin Kano na rage kuɗin mota, amma canjin sefa zuwa naira ne ke yanke hukunci. Jirgin da ke yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira kan fi mai tafiya kai tsaye araha, sai dai jira. Farashi kuma na tashi a goman ƙarshe na azumi, don haka sayen tikiti da wuri shi ne riba.