Ganimar Yaƙi Makaranta Ce: Darasi Daga Jiragen Japan da Aka Kama

Duk wanda ya san barikokin sojan Nijeriya ya saba jin sunaye irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas. Kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa tambayar inda aka samo su. Dukkansu daga yaƙin Bama suka fito, inda Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Masarautun Arewa sun ba da 'ya'yansu a wannan yaƙi, har Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi tattaki zuwa can ya duba su. A nan ƙasar Daura zamanin Sarki Abdurrahman ne, kuma har yau idan ana hirar mazan jiya a Zango, sunan Bama ba ya ɓacewa.

Labarin da aka fi ba mu shi ne na daji da ruwan sama da sauro da jarunta. Akwai wani ɓangare da ba a cika ambata ba, wanda ya gudana a rumfunan gyaran jirage, nesa da fagen fama: yadda Amurka da Ingila da Ostareliya suka riƙa tsintar jiragen yaƙin Japan da suka faɗi, su gyara su, su tashe su sama, su auna ƙarfinsu da rauninsu. Na ga ya dace mu waiwayi wannan aiki, domin akwai abin da yake faɗa mana game da makaman da jami'an tsaronmu ke ƙwatowa a yau.

A farkon yaƙin, jirgin Japan mai suna Zero, ƙirar kamfanin Mitsubishi, ya zame wa matuƙan Amurka da Ingila dodo. Yana da sauƙin juyi, yana cin dogon zango, kuma duk wanda ya biye masa aka shiga zagaye a sararin sama, da wuya ya koma gida. Abin mamaki shi ne an yi musu gargaɗi tun da wuri. Claire Chennault, wani hafsan Amurka da ke taimaka wa Sin, ya aika da rahoto kan jirgin tun kafin Amurka ta shiga yaƙin, amma manya suka yi watsi da shi. Ba su yarda mutumin Asiya zai iya ƙera abin da ya fi nasu ba. Raina kama ka ga gayya.

Ranar 4 ga Yunin 1942, Japanawa suka kai hari sansanin Dutch Harbor da ke tsibiran Alaska. Harsashi daga ƙasa ya huda bututun man injin wani Zero da wani saurayi ɗan shekara 19, Tadayoshi Koga, ke tuƙawa. Ya nufi tsibirin Akutan, ya hangi fili kore shar, ya ɗauka ƙasa ce mai ƙwari. Ashe fadama ce. Ƙafafun jirgin suka kafe a taɓo, ya kife, Koga ya mutu nan take. Abokan tafiyarsa biyu suna da umarnin su lalata duk jirginsu da ya faɗi a ƙasar abokan gaba, amma suka kasa buɗe wuta, don suna zaton ɗan'uwansu na da sauran numfashi. Haka jirgin ya kwanta fiye da wata guda, sai ranar 10 ga Yuli wani jirgin sintiri na Amurka ya hango shi.

Sai a yunƙuri na uku aka iya ciro shi daga taɓon. Aka ɗora shi a jirgin ruwa, aka kai shi sansanin sojan ruwa na San Diego, makanikai suka duƙufa a kansa dare da rana, masu gadi suna tsaye a kai. Ranar 20 ga Satumba wani matuƙi mai suna Eddie Sanders ya tashi da shi, kuma kafin tsakiyar Oktoba ya tashe shi sau 24. Aka kuma haɗa shi karo na gwaji da jiragen Amurka iri-iri, ana rubuta wanda ya fi wani hawa, da gudu, da juyi, a kowane mataki na sama.

Abin da aka gano ya kore tsoro. Idan gudun Zero ya haura kimanin kilomita 370 a sa'a, ƙananan fikafikan da ke karkata shi sukan yi tauri, juyi ya yi wa matuƙi wuya. Ya fi saurin karkata hagu a kan dama. A gwajin Sanders, injin kan shaƙe idan aka dunguro da hancin jirgin ƙasa farat ɗaya, saboda irin kabiretarsa. Sannan aka tabbatar da sirrin rashin nauyinsa: babu sulken da ke kare matuƙi, tankin mansa kuma ba irin mai toshe kansa ba ne idan harsashi ya huda shi, don haka 'yan harsasai kaɗan sun isa su cinna masa wuta. Daga nan shawara ta fito a gajarce, yadda kowane matuƙi zai riƙe: kada ka yi zagaye da Zero a ƙaramin gudu, idan ya biyo bayanka, ka yi ƙasa da gudu, ka karya dama.

Marubuta sun yi saɓani kan girman tasirin wannan jirgi guda. Wasu suna cewa daga gare shi aka ƙera Hellcat, jirgin da ya karya lagon Zero, amma Hellcat ya fara tashi tun ranar 26 ga Yunin 1942, kafin a ma tsinci na Akutan. Matuƙan Amurka kuma sun riga sun fara ƙirƙiro dabarun kare juna bibbiyu. A nawa ganin, babbar ribar gwajin ita ce ya mayar da jita-jita ilimi. Da, kowa da abin da yake faɗa game da Zero. Bayan gwajin sai aka samu alƙaluma da aka auna, waɗanda za a iya koyar da sabon matuƙi da su kafin ya je ya koya da ransa.

Daga nan abin ya tashi daga sa'a ya koma tsari. Aka kafa rukunin haɗin gwiwa na binciken jiragen abokan gaba a Ostareliya, da rumfarsa a filin jirgi na Eagle Farm da ke birnin Birisben. Jami'ansa sukan bi sawun sojoji cikin dazuzzukan Niyu Gini suna tattara tarkace. Daga ɓaraguzan da suka kwaso a Buna suka harhaɗa Zero guda, suka tashe shi a 1943, suka gwada shi da Spitfire na Ingila. Da yake sunayen jiragen Japan suna rikita sojoji, wani kyaftin mai suna Frank McCoy da abokan aikinsa suka laƙaba musu sunaye masu sauƙi, na maza ga jiragen faɗa, na mata ga masu jefa bam: Zeke da Oscar da Betty. Ko 'yan ƙananan allunan ƙarfe da ke manne a jikin inji ba a bari ba, domin lambar ƙira da sunan masana'anta da ke kansu sun taimaka wajen ƙiyasta yawan jiragen da Japan ke ƙerawa da inda take ƙera su. Babbar matsalar masu binciken kuwa sojojinsu ne na kansu, masu ɓalle sassan jirgi don su kai gida tsaraba, sai da aka kafa doka a kan hakan. Su ma Japanawa ba su zauna ba, sun gwada jiragen Amurka da suka kama a cibiyarsu ta Tachikawa.

A ƙarshen 1943 aka buɗe irin wannan rukuni a Kalkata ta Indiya domin fagen Bama, kuma a nan ne labarin ya taɓa kakanninmu. Runduna ta 81 da ta kutsa kwarin Kaladan a farkon 1944 ba ta da hanyar mota da za ta dogara da ita. Abinci da magani da harsasai daga sama ake sako mata su da laima. Bataliyoyin Nijeriya uku da suka shiga cikin dakarun Chindit su ma a bayan layin abokan gaba suka yi yaƙi, rayuwarsu na rataye da jiragen dakon kaya. Jirgin da ke farautar waɗannan jirage shi ne Oscar, ƙirar kamfanin Nakajima, wanda sau da yawa ake ɗaukarsa Zero saboda kamanni, kuma shi ma an harhaɗa irinsa an gwada a Birisben. Duk ranar da Oscar ya rinjayi masu tsaron sararin sama, sojan da ke ƙasa zai kwana da yunwa, bindigarsa babu harsashi. Ba na cewa binciken tarkace shi kaɗai ya ƙwace sararin Bama. Yawan jirage da ingancinsu da horon matuƙa duk sun yi aiki. Amma buhun shinkafar da ya sauka gaban Bahaushe a Kaladan yana da alaƙa da makanikin da ya kwance inji a wata rumfa mai nisan dubban kilomita, ko da ba su taɓa jin labarin juna ba.

Yanzu mu dawo gida. Kusan kowane mako sai mun ga hoton bindigogi da harsasai da babura da rediyon oba-oba da aka ƙwato daga 'yan bindiga ko 'yan ta'adda, an jera su a gaban 'yan jarida. Muna yaba wa waɗanda suka sayar da rai suka ƙwato su. Tambayata ita ce: bayan an ɗauki hoto, wa ke zama ya karanta waɗannan kaya? Kowace bindiga tana ɗauke da lamba da tambarin masana'anta. Gindin kowane kwanson harsashi yakan nuna inda aka yi shi, sau da yawa har da shekara. A 2020 wata ƙungiyar bincike ta Ingila, Conflict Armament Research, ta fitar da rahoto kan makaman da aka kama a jihohin Katsina da Kaduna da Zamfara, ta bi sawun wasu zuwa rumbunan Libiya, wasu zuwa bindigogin da aka yi fasa-ƙwaurinsu daga Turkiyya ta tashar ruwan Legas, wasu kuma ƙirar gida ce. Wannan ya nuna aikin mai yiwuwa ne. Abin da ya rage shi ne ya zama namu, na kullum.

Lamarin kuma ya wuce na bindiga. A Yulin 2021 Rundunar Sojan Sama ta tabbatar cewa 'yan bindiga sun harbo jirginta na yaƙi a yankin Zamfara, Allah Ya kuɓutar da matuƙin. A Arewa maso Gabas kuma 'yan ta'adda sun fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi. Duk irin wannan jirgi da ya faɗo hannun sojanmu, Zero ne na zamaninmu. A cikinsa akwai bayanin inda ya tashi, da zangon da yake iya ci, da tashar da ake sarrafa shi da ita, da kasuwar da aka sayo shi. Wanda ya farfasa shi don fushi, ko ya ajiye shi a sito ya yi tsatsa, ya ƙona littafin da bai karanta ba.

Ba mu rasa masu iyawa ba. Muna da kamfanin ƙera makamai na DICON a Kaduna tun 1964. Muna da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama a Kaduna, kuma rundunar ta ƙaddamar da nata jirgin maras matuƙi, Tsaigumi, a 2018. An kafa cibiyar ƙasa ta daƙile yaɗuwar ƙananan makamai a 2021. A nan Daura muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri. Tarihi ma shaida ne: a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana ƙera igwa da albarushi a Zinder, kuma mutanen Zango sun san nauyin Damagaram na wancan zamani. Hannun da ke kwance inji ya mayar a garejin Kano ko Katsina bai gaza na makanikan San Diego basira ba. Tsari ne ya bambanta su.

Tsarin nan kuwa matakai huɗu ne, kamar yadda tarihin ya nuna. Na farko, umarni bayyananne ga duk wanda ke fagen fama, soja ko ɗan sanda ko jami'in tsaron al'umma na Jihar Katsina, cewa kada a taɓa kayan da aka kama sai an rubuta wuri da rana da lambobinsu. Na biyu, rukuni guda na haɗin gwiwa da zai karɓi kayan, mai injiniyoyin soja da na jami'o'i, maimakon kowace hukuma ta ɓoye nata. Na uku, sakamakon ya koma ga mai riƙe da bindiga cikin makonni, a gajarce, cikin harshen da yake ji, Hausa ko waninta, kamar yadda aka taƙaita wa matuƙan Amurka sirrin Zero a jimla biyu. Na huɗu, musayar bayani da Jamhuriyar Nijar duk da tsamin dangantakar siyasa. Mu da muke zaune a bakin iyaka mun san cewa makami ba ya neman fasfo, kuma bindigar da aka kama a Maraɗi ko Zinder tana iya zama 'yar uwar wadda aka kama a Jibiya.

Jirgin Akutan bai kai ƙarshen yaƙin ba. A Fabrairun 1945 wani jirgin Amurka ya kubce ya afka masa a filin jirgi, farfelarsa ta daddatsa shi. Amma a lokacin an riga an kwashe duk ilimin da ke jikinsa, an raba wa dubban matuƙa. Ina kira ga hukumomin tsaro da 'yan majalisarmu da malaman jami'o'inmu su sa a yi wa makaman da ake ƙwatowa irin wannan karatu kafin a lalata su, ɗalibanmu na injiniya kuma su san cewa akwai fagen hidima a nan. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya kare na yau, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.