Wace katifar jan zafi za ka sa wa na'urarka?

Yau maganarmu a kan wannan 'yar roba mai taushi da kake gani in ka buɗe ƙaramar kwamfuta, ko dikoda, ko ka ciro SSD. Masu gyara suna ce mata tamal fad, ni kuwa ina ce mata katifar jan zafi. Ba ado ba ce. Aikinta ta cike gurbin da ke tsakanin aisi da ƙarfen da ke kwashe zafi, domin in iska ce ta zauna a wurin, zafin ba ya wucewa.

Ga lissafin. Ana auna yadda abu ke wuce da zafi da W/mK. Iska tana wajen 0.026, jan ƙarfe wajen 400, su kuma katifun nan galibi daga 1 zuwa kusan 15. To ka ga ko mafi arha ta ninka iska sau da yawa.

Amma inda mutane ke faɗawa rami shi ne kauri. Mutum ya je kasuwa, ya ga an rubuta 12 a jikin leda, ya saya, bai tambayi kauri ba. Alhali zafi sai ya ratsa duk kaurin nan kafin ya isa ƙarfe. Katifa mai milimita 0.5 da lamba 6 ta fi mai milimita 1.5 da lamba 12 saurin wuce da zafi. Kai, ni a ganina ma lambar jikin leda ba abin dogaro ba ce sosai, tunda ba duk kamfanoni ke gwaji iri ɗaya ba.

Sai dai ba kai ke zaɓar kauri ba, gurbin ne ke zaɓa. In ta yi siriri, ba ta taɓa ƙarfen, ka yi aikin banza. In ta yi kauri, abin ya fi muni: za ta ɗaga ƙarfen, babban furosesa ya rabu da shi, allon ma yana iya lanƙwashewa in ka ɗaure sukurori. Auna tsohuwar ta gefen da bai matsu ba. In ta rugurguje, sa ɗan dunƙulen laka ta wasan yara, ka rufe, ka buɗe, ka auna. Sabuwar ta ɗara gurbin kaɗan don ta matsu, kuma mai taushi ta fi lafiya ga ƙananan aisi.

Kan furosesa kansa, inda ƙarfe ke manne da shi, man jan zafi ake shafawa, ba katifa ba. Sannan a yi hattara da baƙar nan ta girafayit, tana wuce da lantarki. In ta taɓa ƙafafun aisi, sai dai haƙuri.

Mu da Afrilu ke kai mu digiri 40, ba mu da rara. Raspberry Pi 4 tana fara rage gudu da kanta a digiri 80, wato rabin hanya ɗakin ya riga ya cinye.

Af, kafin in manta: katifar tana zuwa da leda a fuska biyu. A ɓare duka biyun. Sai mun haɗu a shiri na gaba.